Wa Ke Riƙe da Gidan Likita?

Tambayar da sababbin likitoci ke yi wa manyansu ta canza. A zamaninmu, in mutum ya kusa gama shekarar sanin makamar aiki, abin da yake so ya ji shi ne wane fanni ya fi daraja, wane malami ne hannunsa ya fi kyau a ɗakin tiyata, a gaban wa zai durƙusa ya koyi abin da za a riƙa nuna shi da shi. Yanzu kuwa, in yarinya ta biyo ni ofis bayan zagayen marasa lafiya ta ce, "Malama, shawara nake nema," tun kafin ta zauna na san inda maganar za ta faɗa. Wane fanni ne kol ɗinsa, wato kwanan aiki a asibiti, ke da sauƙi? Wanne ne zai bar mutum ya kwana a gidansa? Samarin ma abin da ke ransu ke nan, sai dai su sukan yi ta kewaye-kewaye kafin su iso wurin.

Da yawa cikin abokan aikina suna jin haushin wannan tambaya. Sukan ce yaran yanzu son jiki ya yi musu yawa, mu da muka riƙa kwana a tsaye ai ba mu mutu ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Na daɗe a fannin mata da haihuwa, fannin da bai san dare ba bai san Sallah ba, kuma na san abin da ya sa muka iya jurewa. Akwai mutanen da suka tsaya a bayanmu suka riƙe mana gida. Ba a rubuta sunansu a takardar shaidar kowa ba, kuma yau yawancinsu ba sa nan inda muka same su.

A fara duba tsawon hanyar tukuna. Shekara shida a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba. Wanda yajin malaman jami'a na 2022 ya rutsa da shi ya yi asarar wata takwas cur. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen manya, da na yara, da tiyata, da mata da haihuwa. Sai hidimar ƙasa. Sannan a zauna jarrabawar share fage ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta ɗaya daga cikin kwalejojin Afirka ta Yamma, a koma a jira asibitin koyarwa ya buɗe gurbi. In an samu shiga, horon kansa shekara huɗu zuwa shida ne a takarda, gwargwadon fanni, da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike, kuma ba kowa ke haye su a zama ɗaya ba. Wadda ta shiga jami'a tana da shekara 18, in komai ya tafi daidai, sai ta haura 30 kafin a kira ta konsaltan. In bai tafi daidai ba, tana dosar 40. Waɗannan shekaru su ne na aure, su ne na ciki da goyo, su ne kuma lokacin da ƙarfin iyaye ke fara ja da baya.

Wanda aka shata wa wannan hanya tun asali namiji ne mai mata a gida. Haka likitocinmu na farko suke, tun daga Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa da ya yi karatu a Birmingham ta Ingila ya zama likita na farko daga Arewa, har zuwa su Farfesa Ishaya Audu, likitan yara da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Farfesa Umaru Shehu na fannin lafiyar al'umma. Ko da aka buɗe tsangayar koyon likitanci a Zariya a 1967, 'yan mata a aji ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Likitan da aka tura babban asibitin wani gari a lokacin ba shi ma da zaɓin fanni: da safe ya yi aikin gwaiwa, da rana ya duba yara masu ƙyanda, da dare ya ciro jariri. Gidansa na nan cikin asibitin ko kusa da shi, cike da mutane.

Na riski ƙarshen wannan zamani. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, in mara lafiya ya rikice cikin dare, nas ce za ta rubuta a wani littafi mai kaurin bango, ta sa lokaci, direban motar asibiti ya ɗauka ya nufi gidan likita. Sai ka ga hasken fitilar mota ya ratsa labule, sai ƙwanƙwasa ƙofa. Likita ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ya sa hannu, ya rubuta lokacin da saƙon ya same shi, ya zura takalmi ya shiga mota. Ba ya waiwayowa ya tambayi wa zai kula da yaran da ke barci, domin tambayar ba ta taso ba. Horon ƙwararrun likitoci riga ce da aka ɗinka da awon wannan mutumin, kuma har yau ita ake miƙa wa kowa, mace da namiji, mai mataimaki da marar shi, a ce ya saka.

Da muka shigo mu mata, shawarar da aka riƙa ba mu iri ɗaya ce. Ki tafi fannin ido, ki tafi lafiyar al'umma, ki tafi ɗakin gwaje-gwaje, taura biyu ba ta taunuwa. Masu faɗin haka ba maƙiyanmu ba ne. Iyayenmu ne da malamanmu, kuma tausayi ne ya sa su. Amma a daidai lokacin, a ƙofar ɗakin haihuwa wata magana dabam ake yi. Magidanci ya kawo matarsa bayan ta kwana ta yini tana naƙuda a gida, zanenta jiƙe da jini, ya tsaya ya riƙe ƙofa yana tambayar ungozoma, "Babu likita mace ne?" In aka ce babu, wani ya haƙura, wani kuwa ya ce a mayar da ita cikin mota. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma shi ya kai ni fannin da nake.

A nan ne nake ganin mun daɗe ba mu yi wa kanmu adalci ba. Gari guda ne ke neman mace ta duba matansa da ƙarfe biyun dare, kuma garin ne ba ya son tasa 'yar ko tasa matar ta kwana a asibiti. Likitar da ake nema ba daga sama za ta faɗo ba. Matar wani ce, uwar wasu ce, kuma daren da ta kwana kan matarka, a gidanta an kwana babu ita. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata 1,047 ke mutuwa a Najeriya cikin kowace haihuwa 100,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya a shekarar. Waɗanda suka tsira da rai bayan doguwar naƙuda, wasunsu suna can Babbar Ruga a Katsina suna jiran a yi musu aikin yoyon fitsari. Wanda kuma yake so ya ga abin da mace za ta iya in ta tsaya a fannin, ya dubi Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023: shimfiɗar leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da mai haihuwa ta zubar, haɗe da ba da magunguna a tare ba tare da jira ba, ta rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kashi 60 cikin 100. Duk yarinyar da aka karkatar daga ɗakin haihuwa don gudun kwanan asibiti, ba mu san irin likitar da muka rasa ba.

Ni kaina ƙanwar mahaifiyata ce ta tsaya mini. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, sai ta tattaro kayanta ta dawo gidana. Hutun haihuwa a lokacin wata uku ne, ana gama wankan jego da ɗan abin da ya biyo baya sai komawa aiki. Daren da nake kol, direba zai kawo ta da jaririyar bayan isha'i. Ta shimfiɗa tabarma a ɗan ɗakin da likitan kwana ke hutawa, ɗaki mai gado ɗaya da fanka mai ƙara, ta zauna da carbinta. In na fito daga tiyata na wanke hannu, na shayar a tsaye ko a zaune a bakin gado, kafin yarinyar ta ƙoshi an sake aikowa. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Kawo ta nan, je ki, Allah Ya ba da sa'a." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk matar da na ceta a waɗannan shekaru da hannunta a ciki. Kusan kowace likita ta sa'ata tana da irin wannan mutum: wata uwa ce, wata ƙanwa ce da aka ba ta riƙo, wata uwar miji ce mai fahimta.

Ba zan tsallake maganar kishiya ba, don tana cikin lissafin kowace likita Bahaushiya ko ba ta furta ba. Ranar girki ba ta san jadawalin kol ba. Na san wadda mijinta ya ƙara aure tana tsakiyar shirin jarrabawar ƙarshe, dangi suka ce ai ita ta jawo, wa zai zauna da matar da ba ta kwana gida. Na kuma san wadda ta gaya mini da bakinta cewa abokiyar zamanta ce ta raini 'ya'yanta kamar ita ta haife su, kuma har gobe tana sa ta a addu'a. Duka biyun suna faruwa. Abin da na tsana shi ne a mayar da ƙarin aure sandar razana yarinya don ta bar fannin da take so.

Wancan gidan mai yawan hannu shi ne ya ragu. Ƙanwar da a da za a ba ki ta taya ki raino yanzu tana makaranta, kuma nan ya dace ta kasance. Kakar yaran ita ma ma'aikaciya ce, ko tana wani gari, ko ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ma'aurata suna haya ɗaki biyu da falo a unguwar da ba su san maƙwabcinsu ba, da nisa daga asibiti, domin gidajen ma'aikata ba su isa ba. Abin da ya rage shi ne 'yar aiki, wadda sau da yawa yarinya ce 'yar shekara 12 da aka ɗauko daga ƙauye. Wannan yana damuna ƙwarai. Bai kamata karatun 'yar wani ya ɗoru a kan hana 'yar wani karatu ba, kuma babu uwar da hankalinta zai kwanta a ɗakin tiyata alhali ta san yarinya ce ta bar wa jariri da risho.

Hannun da ke asibitin ma ya ragu. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba. Duk wanda ya tafi, kol ɗinsa kan na baya yake faɗawa. Sashen da a da mutum ke kwana sau ɗaya ko biyu a mako, yanzu sai ka ga yau kana ciki, gobe ka huta, jibi ka dawo, kuma hutun ba hutu ba ne, domin da safe akwai asibitin rana. Har sai da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci 'ya'yanta a 2025 da kada wanda ya ƙara wuce awa 24 a jere yana kol. Saboda haka in ɗan'uwana ya ce mu mun jure, nakan tambaye shi mu nawa ne a jadawalin a lokacinmu, su nawa ne yanzu.

Wannan tafiya ƙasashen waje ta shiga cikin zaɓen fanni kanta. Yaro yana aji biyar ya riga ya san wane fanni ake nema a Ingila, wanne Saudiyya ke ɗauka. Mu manya mun fi son mu ce kuɗi ne kawai ke jansu, kuma kuɗin yana ciki. Amma in ka zauna da su za ka ji suna lissafa wani abu. A Ingila tun 2009 aka ƙayyade aikin ƙananan likitoci kada ya wuce awa 48 a mako in an daidaita, kuma mai goyo tana iya neman ta yi horonta da ragin kwanaki, ya ɗauke ta tsawon lokaci amma ba ta fita daga layi ba. Saudiyya kuwa ga albashi, ga makarantar yara, ga kusanci da Harami. Waɗansu kuma ba su bar ƙasar ba, asibitin suka bari. Yaƙi da shan inna da sauran ayyukan ƙungiyoyin agaji sun buɗe wa masu fannin lafiyar al'umma ƙofar da babu ita a zamaninmu, ko da yake wadda ta gudu can don ta zauna da 'ya'yanta takan tarar da mako biyu a wata ƙaramar hukuma mai nisa, a kan hanyar da ba kowa ke son bi ba. Babu fannin da yake kyauta. Mai hoto ana tashinsa da dare in an kawo haɗarin mota, mai sa barci shi ne farkon shiga tiyata shi ne ƙarshen fita.

Mazan ma ba kamar iyayensu suke ba, kuma wannan canji ne da nake murna da shi. Da yawansu matansu ma'aikata ne, wasu ma likitoci ne 'yan ajinsu. Suna kai yara makaranta, suna so su ga haƙorin fari ya fito. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu, kuma na fara ganin samari suna neman abinsu ba tare da kunya ba. Sai dai nasu nauyin ta wata fuska yake zuwa. Ranar da aka ce yaro ya zama likita, daga ranar ya zama uban dangi: kuɗin makarantar ƙanne, maganin hawan jinin Baba, gudummawar bikin 'yar kawu. Albashin mai neman ƙwarewa ba ya ɗaukar wannan, don haka in ya tashi daga asibitin gwamnati sai ya wuce asibitin kuɗi ya yi har goman dare. Wanda ya zaɓi fanni mai sauƙin kol don ya zauna da iyali, sai ka ga neman na cefane ya cinye lokacin da ya samu. Shi ya sa da yawa suke duba fannin da za a iya buɗe asibiti da shi, suna kauce wa irin su binciken cututtuka da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ƙarshen nan ma har da gorin dangi, a ce duk karatun nan likitan mahaukata ka zama, alhali asibitocin Kware da Barnawa da Dawanau suna cike da bayin Allah masu jiran wanda zai saurare su.

In yarinya ta zauna a gabana, ba na zaɓa mata. Nakan ce ta manta da ranar da aka yi wani gagarumin aiki kowa ya yaba, ta dubi ranar Talata ta yau da kullum a fannin: layin masu jira, warin ɗakin, irin kukan da za ta riƙa ji, irin labarin da za ta riƙa gaya wa dangi. In za ta iya wannan shekara 30, to nata ne. Nakan ce ta dubi rayuwar konsaltan mai shekara 50 a fannin, kada ta tsaya kan ta mai neman ƙwarewa kaɗai, domin wahalar horo tana da iyaka, amma fannin da ba ka so kullum da shi za ka tashi. Nakan kuma gaya mata abin da aikina ya koya mini, cewa kada ta yi ta ɗage haihuwa tana jiran ranar da jarrabawa za ta ƙare, domin bayan shekara 35 samun ciki yana ƙara wuya, kuma na zauna da likitoci mata suna kuka a kan wannan a ofishina. Sannan in tambaye ta, "'Yata, da ƙarfe biyun dare in an kira ki, wa zai riƙe gidan?" In akwai mai neman aurenta, ta nuna masa jadawalin kol na wata guda tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ta nuna wa mahaifiyarsa ma. "Na yarda ta yi aiki" magana ce mai sauƙi a bakin saurayi. A gaya masa aikin ya haɗa da daren Sallah da buɗa-baki da dabino a ƙofar tiyata, a ji ko yardar tana nan.

Amma zalunci ne a bar wa yarinya 'yar shekara 26 da mijinta dukan wannan nauyi, kamar su suka tsara aikin. Hutun haihuwa a ma'aikatun tarayya ya kai mako 16, Jihar Kaduna ma ta mayar da nata wata shida tun 2019, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai in mace ta tafi hutu ba a kawo wanda zai maye gurbinta ba, abokan aikinta ne ke biya, ita kuma ta dawo ta tarar da fuskoki a murtuke, har wani shugaban sashe ya fara jin nauyin ɗaukar mata. Asibitin koyarwa mai ma'aikata dubbai ya isa ya ware ɗakin raino da ke buɗe dare da rana kusa da ɗakunan kwanciya. Kwalejojinmu sun isa su buɗe hanyar horo da ragin kwanaki ga mai goyo ko mai jinyar iyaye.

Wasu abubuwan ma ba sa buƙatar a je Abuja ko Legas. Jadawalin kol babban rejistara, wato babba cikin masu neman ƙwarewa, ne ke rubuta shi, shugaban sashe ya sa hannu, kuma mu ɗin nan da muke cewa mun jure mu ne shugabannin sassan yanzu. A hannunmu yake mu cire mai tsohon ciki daga kwanan asibiti a watanninta na ƙarshe. A hannunmu yake wanda ya kwana a tsaye ya tafi gida bayan ya miƙa marasa lafiyarsa da safe. Akwai ma'aurata da yawa yanzu da mijin yana sashen tiyata matar tana sashen yara, kuma sau da yawa sai a sa su kol a dare ɗaya, da 'ya'ya ƙanana a gida, don kawai masu rubuta jadawalin biyu ba su yi magana da juna ba. A sashenmu mun fara tambayar kowane sabon shiga ko mijinta ko matarsa na aiki a asibitin, kuma kafin a liƙa jadawalin wata sai an buga wa ɗaya sashen waya an daidaita ranakun.